HAƘORI ABU NE MAI RAI: TAIMAKON FARKO KAFIN A ISA GA LIKITA

Gabatarwa

Garin Rimin Gado yana kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Gwarzo, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum 104,790, a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 225. Yanki ne na manoma, gari na bin gari, gona na bin gona. Wanda ya dubi taswira zai ce ai ga Kano nan kusa. Amma idan haƙorin ɗalibi ya fita a filin ƙwallo a Gulu ko Butu-Butu, sai an nemo babur, an fito titi, an jira mota, an wuce Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, an kutsa cunkoson Kabuga, kana a ratsa gari zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Ƙofar Mata. Da wuya a kammala wannan tafiya cikin awa guda, alhali kuwa a cikin wannan awar ce ake samun haƙorin ko a rasa shi.

Saboda haka, wanda yake tsaye a wurin da abin ya faru, ko malamin aji ne, ko abokin wasa, ko uwa a tsakar gida, shi ne farkon mai ceton haƙori. Wannan darasi zai yi bayanin ginin haƙori, sa'an nan ya bi matsalolin gaggawa da aka fi cin karo da su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna abin da ya kamata a yi, da abin da ya kamata a guje wa, da dalilin kowanne a kimiyyance. Matsalar ba ta wani yanki kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori a duniya.

Ginin Haƙori

Ɗan Adam yakan yi haƙora sau biyu a rayuwarsa. Haƙoran nono guda 20 ne, sukan fara fitowa tun yaro yana da kimanin wata 6, su cika kafin ya kai shekara 3. Haƙoran girma kuwa 32 ne, sukan fara fitowa a wajen shekara 6. Waɗannan in sun tafi babu wasu da za su maye gurbinsu.

Kowane haƙori yana da sassa biyu: kai, wato farin da ake gani a baki, da saiwa, wadda ke binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya lulluɓe ta. Idan aka tsaga haƙori gida biyu za a ga hawa uku. Na waje shi ne ɓawo, wanda masana ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adani ne, kuma ba shi da jijiya. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya-rawaya, wanda ke cike da ƙananan kafofi da ido ba ya iya gani. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, wato wani nama mai taushi da ke ɗauke da hanyoyin jini da jijiyoyin ji.

Akwai kuma wani sashe da ba kasafai ake ambatonsa ba, ga shi kuwa muhimmi ne ƙwarai. Haƙori ba kafe shi aka yi a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani siririn tantani, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, wanda dubban zaruruwansa ke riƙe da haƙorin kamar yadda igiyoyi ke riƙe da rumfa. A jikin wannan tantani akwai ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ake kira sel. Da ɓargo da tantanin saiwa, su ne rayuwar haƙori. Duk taimakon farko da za a ambata a nan gaba, manufarsa ita ce kare waɗannan biyun, da kuma hana cuta tsallakawa daga gare su zuwa sauran jiki.

Idan Haƙori Ya Fita Ɗungurungum

Wannan yakan faru a wajen ƙwallo, ko langa, ko dambe, ko faɗowa daga bishiyar mangwaro, ko daga kan keke, babur da amalanke. Haƙoran gaba na sama su ne suka fi shan wannan wahala. Mutane da yawa sun ɗauka cewa haƙorin da ya faɗo ƙasa ya tashi aiki, sai su jefar da shi. Gaskiyar magana ita ce ana iya mayar da shi gurbinsa ya kama, ya ci gaba da aiki shekara da shekaru.

Tun a ƙarni na 18 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotilan mai suna John Hunter, wanda ya wallafa littafi a kan haƙoran ɗan Adam a 1771, ya gwada dasa haƙorin mutum da aka cire nan take a cikin zankon zakara, haƙorin kuma ya zauna. A ƙarni na 20 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Denmak, Jens Andreasen, ya shafe shekaru yana nazarin haƙoran da aka mayar. Abin da binciken masana ya tabbatar shi ne, lokacin da haƙori ya fita, wani sashe na tantanin saiwa yakan biyo shi. Muddin sel ɗin da ke jikin saiwar suna da rai, to za su iya sake haɗuwa da 'yan'uwansu da suka rage a cikin gurbi. Babban abokin gabarsu shi ne bushewa. Sukan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, kuma idan haƙori ya yi minti 60 a bushe, kusan dukkansu sun mutu. Ga matakan da za a bi:

1. A fara duba mutumin kafin haƙorin. Idan ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, ko jini na fita ta kunnensa, to ya bugu a ka, sai a garzaya da shi asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.

2. A tabbata haƙorin na girma ne. Ba a mayar da haƙorin nono, domin yin haka na iya lalata haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa. Haƙoran gaba na yaron da bai kai shekara 6 ba na nono ne.

3. A ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar.

4. Idan ya kwashi ƙasa, a ɗauraye shi a hankali na 'yan daƙiƙoƙi da madara, ko da yawun mai haƙorin. Kada a kankare shi, kada a goge shi da tsumma, kada a sa masa sabulu, ko sifirit, ko wani maganin wanke ciwo. Wannan ɗan naman da ake gani a jikin saiwa ba datti ba ne, shi ne abin da ake ƙoƙarin ceto.

5. A juya shi ya fuskanci inda ɗan'uwansa na gefe ya fuskanta, a tura shi cikin gurbinsa a hankali da yatsa, har ya daidaita da sauran. Sai mai haƙorin ya ciji hankici mai tsabta domin ya riƙe shi.

6. A kama hanyar asibiti nan take.

Idan an kasa mayar da haƙorin, saboda tsoro ko saboda yaron ya ƙi tsayawa, to sai a adana shi a cikin ruwan da zai rayar da sel ɗinsa. A nan ne darasin osmosis da ake koyarwa a aji yake da amfani. Ruwan da ke cikin sel yana da gishiri daidai gwargwado. Idan aka tsoma sel a cikin ruwa zalla, irin na rijiya ko na famfo ko na leda, ruwan zai riƙa kutsawa cikinsu har su kumbura su fashe. Madarar shanu kuwa, kaurinta ya yi kusa da na ruwan jiki, kuma ba ta da tsami, don haka takan rayar da su na wasu awoyi. Sai dai a lura, madara ake nufi, ba nono ko kindirmo ba. Nonon da ake dama fura da shi ya riga ya yi tsami, tsamin nan kuwa asid ne, yana kashe sel. A 2020 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka da Ƙungiyar Red Cross ta ƙasar sun sanya haɗin ORS, wato garin gishiri da sukari na cikin leda da ake jiƙa wa mai gudawa, a cikin abubuwan da suka dace a adana haƙori a ciki. Wannan kuwa ana samunsa a kemis da ɗakin shan magani. Idan duk babu, mai haƙorin ya tofa yawunsa a ƙaramin kofi ko kwalba a saka haƙorin a ciki. Ruwa zalla shi ne zaɓi na ƙarshe, amma duk da haka ya fi a naɗe haƙorin a takarda ko a jefa shi aljihu ya bushe.

A asibiti likita zai ɗaure haƙorin da maƙwabtansa da siririyar waya na kimanin mako 2, kuma sau da yawa sai an yi wa ɓargonsa aiki daga baya. Idan haƙorin ya taɓa ƙasa, a tuna wa likita batun allurar tatanus, cutar da ake kira sarƙe-haƙora. Idan kuwa an nemi haƙorin an rasa, a sanar da likita, domin yana iya maƙalewa a cikin leɓe, ko ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu.

Haƙorin da Ya Gutsure ko Ya Yi Girgiɗi

Fasa ƙwallon goruba, da buɗe kwalbar lemo da haƙori, da cin karo da tsakuwa a cikin shinkafa ko wake, duk sukan gutsure haƙori. A nemi guntun a saka shi a madara, domin likita na iya manna shi. A kuskure baki da ruwan ɗumi, sa'an nan a duba wurin da ya karye. Idan fari ne kawai ya tafi, ana iya jira kwana ɗaya ko biyu. Idan kuwa an hango ɗigon ja a tsakiya, ko jini na fitowa daga cikin haƙorin kansa, to ɓargo ya buɗe, kuma ya kamata a ga likita a ranar. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ƙwayoyin cuta suke samun hanya zuwa ɓargo.

Haƙorin da ya bugu yana girgiɗi, ko ya karkace, ko ya nutse cikin dasashi, kada a riƙa taɓa shi da harshe ko yatsa, kada kuma a ƙarasa fizge shi. A koma cin abinci mai taushi kamar kunu, koko da fate, a kai shi ga likita da wuri.

Ciwon Haƙori

An daɗe ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Wannan zato ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba, domin an same shi rubuce a allunan yumɓu na mutanen Babila na dā, kuma Turawa ma sun yarda da shi ƙarni da dama. Pierre Fauchard na ƙasar Faransa, a littafinsa na 1728, yana cikin waɗanda suka fara musanta shi. A 1890 wani Ba'amurke mai suna Willoughby Miller ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a baki su ne ke cin ragowar sukari da abinci mai sitaci, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da haƙori. A 1924 J. K. Clarke ya gano ɗaya daga cikin manyansu, wadda ake kira Streptococcus mutans. Inamel yakan fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5. Saboda haka babu wata tsutsa a cikin haƙori, kuma wanda ya karɓi kuɗi ya nuna tsutsa a faranti bai taɓa tushen ciwon ba.

Ciwon yakan bi matakai huɗu. Da farko mutum zai ji tsam idan ya sha ruwan randa mai sanyi ko ya ci alewa, amma nan da nan ya wuce. A wannan mataki rami ya kai ga dentin, kuma ciko kaɗai ya isa. A mataki na biyu ciwon yakan zo da kansa, yana zogi kamar bugun zuciya, ya hana barci. Dalili shi ne ɓargo ya kumbura, ga shi kuwa a rufe yake cikin ɗaki mai bangon dutse, babu inda zai faɗaɗa. Kwanciya na ƙara taruwar jini a ka, shi ya sa ciwon ya fi tsanani da dare. A mataki na uku sai ciwon ya ɗauke cak. A nan ne mutane da yawa ke yaudaruwa, su ce magani ya ci. Abin da ya faru shi ne ɓargon ya mutu, jijiyar da ke kai saƙon zafi ta daina aiki, ƙwayoyin cuta kuwa suna nan suna gangarawa ta cikin saiwa. A mataki na huɗu sukan isa ƙashi, mugunya ta taru, haƙorin ya ƙi taɓuwa, kunci ya kumbura.

Kafin a isa ga likita ana iya yin waɗannan: a kuskure baki da ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, a cire abincin da ya maƙale da zare mai tsabta, ba da allura ko tsinken ashana ba, a ɗaga kai da matashi in za a kwanta, a sha farasitamol. Babba yana iya shan ƙwaya 2 masu nauyin miligiram 500 duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, domin wuce haka na lalata hanta. Na yara kuwa gwargwadon nauyinsu ake aunawa, sai a tambayi ma'aikacin lafiya. Ibufurofen ma yana aiki sosai ga ciwon haƙori, amma bai dace da mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu ba. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Kanumfari yana ɗauke da wani sinadari mai suna yujinol da ke dusashe zafi na ɗan lokaci, kuma likitocin haƙori da kansu suna amfani da shi a wasu haɗe-haɗensu. Ana iya ɗora ƙwaya ɗaya a kan haƙorin, amma man kanumfari mai ƙarfi yana ƙona dasashi idan ya yi yawa.

Abubuwan da za a guje wa su ne: danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, domin asid ce, takan ƙona wurin ya yi fari; ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko man birki a ramin haƙori, domin guba ne, suna cinye nama, kuma ana haɗiye su; cusa garin taba ko kanwa; da kuma sayen kafso barkatai. Magungunan antibayotik ba sa warkar da ramin haƙori, domin jini ba ya isa cikin mataccen ɓargo balle ya kai magani can. Kafson tetirasaikilin kuwa, idan aka ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan rine haƙoran yaron har abada. A nan karin maganar nan ta yi daidai, wadda ke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kumburin da Ke Iya Kisa

Mugunyar da ta taru a gindin haƙori tana neman hanyar fita. Wani lokaci takan ɓullo a dasashi ta fashe. Wani lokaci kuma takan bi ta tsakanin tsokoki. Daga turamen ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, ta tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya siffanta wannan cuta a 1836, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Daga haƙoran sama kuwa cutar na iya haurawa zuwa ido, ta bi hanyoyin jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ga alamomin da in an ga ko da ɗaya daga cikinsu ba a jiran wayewar gari, ba a jiran ranar kasuwa:

1. Kumburin da ya kai ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya.
2. Wahalar haɗiya, ko dalalar da yawu.
3. Wahalar numfashi, ko canjin murya.
4. Kasa buɗe baki yadda yatsu biyu za su shiga.
5. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari da galabaita.

Mai irin wannan hali kowane asibiti za a kai shi, ko da babu likitan haƙori a wurin, kuma a zaune za a ɗauke shi, ba a kwance ba. Kada a gasa kumburin da ruwan zafi, kada a tsaga shi da aska, kada a matse shi. Ana iya ɗora ledar ruwa mai sanyi da aka naɗe a tsumma a kan kunci. Masu ciwon sukari, da masu amosanin jini, da masu juna biyu, da tsofaffi, cutar ta fi saurin cin ƙarfinsu. Juna biyu kuma ba ya hana a duba haƙori ko a cire shi, illa dai a sanar da likita.

Akwai wani kumburi na daban da ya shafi ƙananan yara, wato cutar Noma, wadda ake kira zaizayar baki. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da gyambo a dasashi, da zubar jini, da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya yi baƙi ya zube. Idan ba a yi magani ba tana iya kashe yara 9 cikin 10, amma idan aka kai yaro asibiti tun tana dasashi, antibayotik da tsabtar baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita. Tun 1999 akwai asibiti na musamman na wannan cuta a Sakkwato, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Ɗalibin da ya ga waɗannan alamu a bakin ƙanensa, ya gaya wa iyaye cewa abin na asibiti ne, kuma a ranar.

Zubar Jini da Raunin Muƙamuƙi

Bayan an cire haƙori, jini yakan daskare a cikin gurbi ya zama murfi, a ƙarƙashinsa ne sabon nama ke tsirowa. Idan jini ya ƙi tsayawa, a naɗe bandeji ko hankici mai tsabta, a ɗan jiƙa shi, a ɗora a kan gurbin daidai, a cije da ƙarfi na minti 20 zuwa 30 ba tare da ana buɗewa ana leƙawa ba. A zauna, kada a kwanta. A awa 24 na farko ba a kuskure baki da ƙarfi, ba a yawan tofar da yawu, ba a shan abu mai zafi ko taba, domin duk suna tumɓuke murfin. Idan an danne sau biyu jini bai tsaya ba, a koma asibiti. Haka ake danne leɓe ko harshen da ya tsage. A guji kai haƙori ga wanda ba ya dafa kayan aikinsa yadda ya kamata, domin ta haka ake ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma sau da yawa saiwa kan karye ta zauna a ciki.

Bayan hatsarin babur, idan haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba, ko leɓen ƙasa ya mutu, ko an ga tudu a layin haƙora, to mai yiwuwa muƙamuƙi ya karye. A tallafe haɓa da ɗankwali ko rawani, a ɗaure a tsakiyar ka da ƙullin da za a iya kwancewa da sauri in amai ya taso. Wannan karaya ta bambanta da ta hannu ko ƙafa, domin idan ƙashin ya haɗe a karkace, ko da kaɗan ne, tauna ta lalace. Aikin likitan fiɗar baki da fuska ne. Haka kuma wanda ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, muƙamuƙinsa ne ya goce, kada a buga masa haɓa, a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

Aikin Makaranta

Kowace makaranta na iya tanadar ƙaramin akwati mai ɗauke da safar hannu, bandeji, ledar ORS guda biyu ko uku, ruwa mai tsabta, ƙaramar roba mai murfi, da farasitamol. Ya kamata malamin wasanni da shugabannin ɗalibai su san inda akwatin yake, su kuma san tun kafin buƙata ta taso wane asibiti ne mafi kusa da ke da likitan haƙori, da ranakun da yake zama.

Malamin kimiyya na iya nuna darasin a aji da gwaji biyu. Na farko, a jiƙa ɓawon ƙwai a ruwan lemon tsami, wani kuma a ruwa zalla, a duba bayan kwana biyu. Ɓawon ƙwai da inamel ba ma'adani ɗaya ba ne, amma dukansu na dangin kalsiyam ne, kuma asid na cin su. Na biyu, a yanka dankalin Turawa sala-sala, a jiƙa wasu a ruwa zalla, wasu a ruwan gishiri mai kauri. Na farko za su cika su yi tauri, na biyu su yi yaushi. Sel ɗin dabba ba su da katanga mai ƙarfi irin ta tsirrai, don haka su fashewa suke yi a ruwa zalla.

Kammalawa

Taimakon farko ba ya maye gurbin likita. Amfaninsa shi ne a isa gaban likita da abin da zai iya gyarawa. Haƙorin girma da ya fita a mayar da shi nan take ko a adana shi a madara ko ORS. Ciwon da ya lafa da kansa bai warke ba. Kumburin da ya taɓa ido, ko wuya, ko numfashi, batun rai ne. Bayan wannan kuma sai rigakafi: goge baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fulorayid, yin asuwaki yadda ya kamata, rage yawan tsotson alewa da shan lemon kwalba tsakanin abinci, da sanya hular kwano a kan babur.

Tambayoyi

1. Ambaci hawa uku na haƙori, da sashen da ke haɗa saiwa da ƙashi.
2. Me ya sa madara ta dace da adana haƙori, amma nono da ruwan rijiya ba su dace ba?
3. Me ya sa ba a mayar da haƙorin nono?
4. Yi bayanin abin da ke faruwa a cikin haƙori lokacin da ciwo mai tsanani ya ɗauke da kansa.
5. Kawo alamomi huɗu da ke nuna cewa kumburin fuska na buƙatar asibiti cikin gaggawa.